Tsakanin Sha Ɗaya da Sha Ɗaya da Rabi

4 ga Fabrairu

Zuwa ga taubashiyata, Malamar lissafi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigida da yara. Mu nan ƙalau muke, sai gwiwar mai ɗakina da ke tashi in an yi sanyi, ita ma da sauƙi.

Na san za ki juya ambulan ki ce wane ne kuma wannan. Ni ne jikan ƙanwar kakanki, wanda ya kwance agogon bangon gidanku yana ɗan shekara tara ya kasa mayarwa, aka zane mu tare don ke kika riƙe mini kusoshin. Gwaggo ce ta ba ni adireshinki, ta ce kuma in gaya miki tana fushi, shekara biyu ba ki rubuta mata ba.

Halin nan bai bar ni ba. Ina aiki a ɗakin gwaji na wata jami'a a nan, ni ne mai ƙera na'urori da gyaransu. Shekara tara ke nan ina gina guda ɗaya. Tukunya ce ta ƙarfe, girman randa. Ina zuƙe iskar ciki tas da famfo, in saki gas kaɗan, in riƙa harba masa ilektoron, wato 'yan ƙwayoyin lantarki. A gefe akwai abin da nake kira kunne, yana ƙirga waɗanda suka bugi ƙwayoyin zarra suka kauce zuwa wajensa. Ina ƙara ƙarfin harbin a hankali, wanda da bolt ake auna shi, alƙalamin na'ura yana zana layi a kan doguwar takarda.

Ga matsalar. Layin yana tafiya sumul, amma duk sanda na wuce bolt sha ɗaya da kaɗan, kafin sha ɗaya da rabi, sai alƙalamin ya faɗa wani ɗan rami ya fito. Sau arba'in da uku na maimaita, sau arba'in da uku ya faɗa. Ni a raina na ce ilektoron ne yake ɗan maƙalewa a jikin ƙwayar zarra kafin ya wuce, abin da ku kuke kira rezonans, ni kuwa nake ce masa zango.

Na kai wa shugaban sashenmu, wanda muke kira Jan Biro a bayan idonsa. Ya duba, ya jawo wata mujalla daga kanta, ya buɗe mini shafi. Ya ce an riga an yi lissafin wannan gas tun shekara shida, layin sumul ne, babu zangon komai, ramina datti ne a cikin tukunya. Na duba sunan mai lissafin, sai da na nemi kujera. Ke ce.

Ya ba ni zuwa ƙarshen Mayu. Idan ban nuna ramin gaskiya ne ba, za a kwance na'urar a ba wasu ɗakin. Ni ba ni da digiri, taubashiya, kuma takardar aikina a ɗaure take da wannan tukunya. In ta tafi na tafi, ina da shekara arba'in da takwas.

Ba roƙonki nake ki canza ko ɗigo ɗaya don zumunci ba. Ga guntun takardar nan na naɗo miki. Ki duba kawai, ki faɗa mini abin da kika gani.

Naki,
Mai kwance agogo

*

23 ga Fabrairu

Maƙeri,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, maigida yana gaishe ka, autarmu ce kawai ke fama da haƙori. A gaida mai gwiwa, a ce ta rage hawan bene. Gwaggo kuwa ka bar ni da ita.

Ban manta ka ba. Yaya zan manta mutumin da ya jawo mini bulala shida, shekara kusan arba'in bai ce yi haƙuri ba, yau kuma ya aiko mini da takarda mai tabon man inji wai in duba? Na duba. Zanen yana da tsabta, wannan kam ba zan hana ka ba.

Amma bari in gaya maka yadda aka yi lissafin nan, don kada ka ɗauka duba na yi. Mu a wajenmu ilektoron igiya ce mai hawa da sauka, kamar ta ruwa. Tana shiga wurin ƙwayar zarra, ta fito a ɗan goce. Wannan gocewar muke nema, daga ita ake fitar da komai. In akwai zango, gocewar takan yi tsalle. Na huda kati dubu biyu da ɗari uku da hannuna, irin wanda kwamfuta ke karantawa, na riƙa kai su ɗakin kwamfuta a akwatin takalmi, ana ba ni awa biyu a mako. Na yi lissafi a wuri arba'in, daga rabin bolt zuwa ashirin, kowane rabin bolt. Ga sha ɗaya, ga sha ɗaya da rabi, lambobin kusan ɗaya suke. Babu tsalle. Alƙalai biyu sun tantance aikin kafin a buga, kuma da shi na sami kujerar da nake kai.

Saboda haka ba zan yi maka daɗin baki ba. Idan ma akwai wani abu a wurin, to sirantarsa ta wuce abin da na taɓa jin an gani da na'urar da mutum ɗaya ya haɗa da hannunsa. Ka duba wayoyinka. Ka duba ko man famfo yana komawa cikin tukunya. Ka canza tulun gas, wataƙila akwai gauraye.

Maganar aikinka ta tsaya mini a rai, wallahi, har na kasa cin abincin kirki ran da na karanta. In kana so, zan rubuta wa wani abokin karatuna da ke da ɗakin gwaji, ko yana neman mai hannu irin naka. Ka faɗa mini.

Taubashiyarka

*

14 ga Maris

Malama,

Assalamu alaikum. Ina fata haƙorin auta ya fito. Mu muna nan.

Na karanta. Na gode da kika tuna mini cewa mutum ɗaya ne ya haɗa ta da hannunsa. Jan Biro ma haka yake faɗa, sai dai shi ba ɗan'uwana ba ne. Na gode kuma da neman aikin, amma ki dakata tukuna, ba a yi wa mai rai ta'aziyya.

Abubuwan da kika lissafa duk na yi su tun kafin in san adireshinki. Wayoyi na canza su ɗaya bayan ɗaya. Famfo na sa masa tarkon mai. Tulun gas uku na gwada, daga kamfani biyu. Tukunyar kuwa na naɗe ta da bargon zafi na gasa ta kwana shida, har fentin bangon kusa da ita ya ɗaye. Datti yana gudun zafi, Malama. Ramin nan bai matsa ko kaurin gashi ba.

Abu ɗaya zan faɗa, ki yi haƙuri in ya yi ɗaci. Ni a sana'ata ba na yarda cewa inji lafiya yake don fitilar gabansa ta nuna kore. Sai na buɗe na ga cikinsa da idona. Ke kin ce kwamfuta ta ba ki lamba a nan, ta ba ki lamba a can. To, kin taɓa buɗe ta kin ga igiyar da kanta?

Jan Biro ya ce a wata mai zuwa in matsar da kunnen. Yanzu yana kusurwar digiri talatin daga hanyar harbi, shi kuwa yana so a kai shi digiri casa'in, inda ya ce ba a samun ɓatattun ilektoron. Matsar da shi ba wasa ba ne, sai an buɗe tukunya, a sake zuƙe iska da gashi mako biyu cur. Ya ce wannan ne gwajin ƙarshe.

A gaida maigida.

Maƙeri, tunda haka kika ce

*

21 ga Afrilu

Ɗan'uwana Maƙeri,

Assalamu alaikum. Kowa lafiya, haƙori ya fito har biyu. Ka zauna kafin ka ci gaba da karantawa.

Da farko, kai ma akwai saurin fushi. Da na ce ban taɓa jin an ga abu siriri haka da na'urar mutum ɗaya ba, nufina in har ka gan shi to hannunka ya fi na kowa. Amma bar wannan. Wasiƙarka ta ƙona mini rai ƙwarai. Na ce wannan mai ɓata agogon ne zai koya mini aikina? Na rantse sai na aiko maka da igiyar a zane, ka rataye a bango ka yi shiru.

Sai na sa kwamfuta ta buga mini igiyar gaba ɗaya, ba lambar ƙarshe kaɗai ba, abin da ban taɓa yi ba don takarda da lokaci. Na kwaso zanin takardu na baza a teburin cin abinci, na zana ta sha ɗaya, na zana ta sha ɗaya da rabi. Wutsiyoyinsu iri ɗaya ne, kamar yadda na faɗa maka. Ina shirin naɗewa sai na ce bari in ƙirga sau nawa kowace ta tsallake layin tsakiya. Ta farko huɗu. Ta biyu biyar. Na sake ƙirgawa da bakin fensir. Rabin bolt bai isa ya ƙara tsallake guda ba, Maƙeri, sai in wani abu ya faru a tsakani.

Ga abin da ya faru. Kwamfuta tana ba ni gocewar ne kamar a ce wace fuska taɓarya take kallo a ƙasa. Ka shiga ɗaki ka ga taɓarya a kwance, ka fita. Wani ya juya ta, kai ya koma gindi. Ka dawo, me za ka gani? Taɓarya a kwance yadda ka bar ta. To zango haka yake juya igiya, rabin zagaye cif. In mai faɗi ne za ka kama shi yana cikin juyawa. In siriri ne, ya faɗa tsakanin leƙe biyu, ya gama juyawa ba ka nan. Ni kuwa kowane rabin bolt nake leƙawa, don awa biyu kawai nake da ita a mako. Abin da ya fi ba ni kunya, lambar sha ɗaya da rabi ta ɗan kauce wa layi tun a wancan lokacin. Na gan ta da idona, na ce kuskuren cike lamba ne, na bi ta kanta da rula.

Ba zan ɓoye maka ba, kwana biyu takardun nan suna cikin durowa a kulle. Na ji tsoro. Aikin nan shi ne sunana. A rana ta uku maigida ya ce, "Wai me ke cikin durowar nan da kike zagaya ta kamar mai ajiyar maciji?" Na faɗa masa. Ya ce, "To shi ɗan'uwan naki kwana nawa suka rage masa?" Sai na ɗauki mayafina na tafi ɗakin kwamfuta.

Na cinye lokacina na zangon karatu duka, na roƙi na wasu malamai biyu. Na raba tsakanin nan gida hamsin. Yana nan. Yana nan, Maƙeri, faɗinsa bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari na bolt ba. Na sake gwada shi ta wata hanya, na riƙa faɗaɗa iyakar lissafin ina matse ta. Na ƙarya sukan bi iyaka su yi ta yawo, wannan ko gezau.

Yanzu ka saurara da kyau, don wannan ne makaminka. Irin wannan zango ba ya watsa ilektoron daidai ta kowace fuska, yana da gaba yana da baya. A digiri talatin rami ne, ka gani. A digiri casa'in cif zai ɓace ɓat, kamar ba a taɓa yin sa ba. In ka wuce casa'in, ka kai ɗari da ashirin, zai dawo a kife, ramin ya zama tudu. Datti bai san digiri ba. Don haka in kun kai kunne casa'in kuka ga babu komai, kada gabanka ya faɗi, shaidarka ce ta farko. Ka wuce gaba.

Allah ya sa wannan ta riga ka zuwa wurin.

Taubashiyarka mai rula

*

2 ga Mayu

Taubashiya,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Mako bakwai ke nan ban ji daga gare ki ba, na kuma san dalili. Na yi miki rashin kunya a wasiƙar da ta wuce. Ki yafe mini.

Ke ce mai gaskiya. Mun kai kunne digiri casa'in, na zuƙe, na gasa, shekaranjiya muka kunna. Jan Biro yana tsaye a kaina, hannu a baya. Alƙalami ya wuce sha ɗaya. Ya wuce sha ɗaya da rabi. Sumul. Na sake, sumul. Sau tara na yi, har ya dafa kafaɗata ya ce, "Ya isa haka." Bai yi mini dariya ba, gara ma da ya yi. Cewa ya yi, "Hannunka yana da kyau, tukunyar ce ta yaudare ka."

Ran talatin da ɗaya ga wata masu kwancewa za su zo. Har an turo wata mata da tef ta auna ɗakin, tana tambayata ko soket ɗin bayan famfo yana aiki. Na ce yana aiki, ni na sa shi.

Na rasa inda zan sa kaina. Shekara tara ina bin datti ina kiransa zango. Na faɗa wa mai ɗakina jiya, sai ta tashi ta hau goge kofunan da ta riga ta goge. Babbar 'yarmu tana ajin ƙarshe, ita ba mu faɗa mata ba tukuna.

Maganar abokin karatun nan naki, in tayin yana nan, ki rubuta masa. Ki ce ina iya walda, ina iya hura gilashi, ina iya wayarin. Kada ki ambaci ramin.

Na fara kwashe kayan aikina a kwali. Tukunyar ce na kasa kashe mata famfo, ban san me nake jira ba.

Naki,
Maƙeri

*

27 ga Mayu

Taubashiyata, uwar lissafi,

Assalamu alaikum. Lafiya, lafiya, kowa lafiya, har gwiwa ta warke don murna. Ki yayyaga wasiƙar da na aiko miki ta biyu ga wata. Ko a'a, ki ajiye, ki riƙa yi mini dariya da ita.

Taki ta iso ran tara, mun yi saɓani a hanya. A tsaye na karanta ta a bakin akwatin wasiƙu. Da na zo inda kika ce zai ɓace ɓat a casa'in, sai na zauna a matakala. Mai shara ta ce, "Lafiya, ko rasuwa aka yi?" Na ce mata a'a, haihuwa ce.

Ban ko ƙwanƙwasa ba na faɗa ofishin Jan Biro. Ya karanta sau biyu, yana bin layi da biron nan nasa. Ya ce, "Kowa yana iya faɗin abin da zai faru bayan ya faru. Ka rubuta mata sakamakon, ta gyara zance." Na ce, "Ranka ya daɗe, duba ambulan." Ya ɗauko gilashin ƙara girma ya duƙa a kan hatimin gidan waya. Ashirin da biyu ga Afrilu. Ya jawo littafin ɗakin gwaji ya duba ran da muka kunna. Talatin ga Afrilu. Sannan ya ce, "Wannan matar da kanta take rushe aikinta?" Na ce haka muke a danginmu. Ƙarya na yi, ke kaɗai ce.

Ya ce ranar masu kwancewa tana nan, ba zai ɗaga ba, amma tukunya tawa ce har ranar. A yinin na buɗe ta. Digiri ɗari da ashirin ɗin nan da kika rubuta cikin sauƙi, kin san bindigar harbin tana tare hanya? Sai da na yanke mariƙin kunne na ƙera wani mai lanƙwasa. Ku masu alli ba ku san wahalar duniya ba. Na rufe, na zuƙe, na gasa, ina ta kallon allurar awon iska tana sauka kamar mai ciwon ƙafa.

Shekaranjiya da hantsi muka kunna. Labari ya bazu, ɗakin ya cika, har matar nan mai tef. Alƙalami ya taho sumul. Sha ɗaya. Sha ɗaya da kwata. Sai ya ɗaga kai, taubashiya. Ya hau, ya yi tudu, ya sauko, daidai inda ramin yake a da. Jan Biro ya ce, "Sake." Na sake, ya hau. Ya ce, "Kashe gas." Na kashe, tudu ya tafi. "Kunna." Ya dawo. Sai ya cire hularsa ya ce a gaban kowa, "Na ce datti ne. Ba datti ba ne." Ya juya wajen mai tef ya ce ta nemi wani ɗakin.

Ni dai kuka na yi, ba zan ɓoye ba, da hannu duk baƙin mai. An sabunta takardar aikina shekara biyar. Ya ce kuma za a rubuta rahoto a mujalla, sunana a farko, naki in kin yarda. Na ce masa ni ko rubutun mujalla ban iya ba. Ya ce, "Ita ta iya, har da na gyara kuskure."

Ga kwafin tudun nan. Tabon da ke gefe shayi ne, ba mai ba.

Abu ɗaya ke damuna. Ni na tsira, ke fa? Me zai sami kujerarki?

Naki har kullum,
Maƙeri

*

14 ga Yuni

Maƙeri,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, kuma gidan nan ba a taɓa hayaniya irin ta jiya ba. A gaida mai ɗaki da 'yar ajin ƙarshe, yanzu sai a faɗa mata komai.

Wasiƙarka ta baƙin ciki ta fara zuwa. Ina karanta "sumul, sumul" ina buga tebur don daɗi, ina kuma jin kamar in yi fiffike in zo in murɗe maka kunne kafin ka kashe famfo. Mako uku na yi a haka, ba dama in yi komai. Jiya ta biyun ta iso. Tudun yana manne a ƙofar ofishina, duk wanda ya wuce sai ya tsaya na yi masa bayani, ko yana so ko ba ya so.

Kujerata tana nan, kada ka damu. Shugabanmu ya kira ni ya ce in bari maganar ta mutu, wa zai tono aikin shekara shida? Na ce ai an riga an tono, wani maƙeri ne. Na aika wa mujallar gyara, shafi ɗaya da rabi, na faɗi inda na tsallake da dalilin tsallakewar. An cire ni daga jerin ƙarin girma na bana. Ya yi mini zafi, kwana biyu ina ƙunci, ba zan ce bai yi ba. Amma mutum uku sun riga sun rubuto suna tambayar yadda ake ƙirgar, don su ma da rabin bolt suka yi nasu. Sunana kuwa a sa, a bayan naka.

Yanzu ga dalilin wannan wasiƙa. Wuri arba'in na yi lissafi, ka tuna, wato akwai tsakani talatin da tara. Ɗaya kawai ka kama ni a ciki. Na buga sauran igiyoyin duka, ni da ɗalibaina mata biyu muka baje su a ƙasan aji, muka bi su da fensir muna ƙirga. A wuri uku ƙirgar ta yi tsalle. Ɗaya tsakanin sha uku da sha uku da rabi. Ɗaya tsakanin sha shida da rabi da sha bakwai. Na ukun yana dab da sha tara, kuma ya fi naka siranta sau huɗu, ban san ko akwai na'urar da za ta gan shi a duniya ba. Ba na ce taka ba za ta iya ba, kada ka sake yi mini fushi.

Ba wanda ya taɓa ganin ko ɗaya daga cikinsu. Na rubuta maka digirin da za ka sa kunne ga kowanne a bayan wannan takarda. Ka fito da kayanka daga kwali, ka fara da na sha uku.

Taubashiyarka